Doguwar Tafiyar Hunturu da Iyali a Yammacin Amurka

A yammacin Amurka, daga gaɓar tekun Pasifik zuwa hamadar Arizona, akwai manyan birane uku da gandayen daji na ƙasa guda biyar da iyalai suka saba haɗawa a tafiya ɗaya ta mota. Biranen su ne San Francisco da Los Angeles da Las Vegas. Gandayen kuwa su ne Yosemite da Death Valley a jihar Kalifoniya, da Zion da Bryce Canyon a jihar Utah, sai Grand Canyon a Arizona. Zagayen kan kai kusan kilomita 3,000, yana kuma cin kimanin mako uku idan ba a so a galabaitar da yara. A lokacin zafi nisan hanya kaɗai ake lissafawa. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa abu biyu ne ke yanke hukunci: tudun wurin da za a je, da gajertar yini.

Gandun daji na ƙasa a Amurka fili ne da gwamnatin tarayya ta keɓe, ta hana noma da farauta da saran itace a cikinsa. Yellowstone ne na farko, a 1872, sannan aka kafa hukumar da ke kula da su a 1916. Yanzu sun kai 63. Ba dukansu ne aka keɓe don namun daji ba. Waɗannan biyar ɗin duwatsu da kwazazzabai da hamada ne ke jan mutane zuwa gare su.

Tudu da kwari

Sanyin yankin bai da alaƙa sosai da kudu ko arewa. Tudu ne ke kawo shi. Death Valley kwari ne mai zurfi, kuma wani sashensa da ake kira Badwater yana ƙasa da tekun duniya da mita 86. A wannan kwarin ne aka auna zafi mai maki 56.7 a ma'aunin Selsiyas a watan Yulin 1913. Shi ya sa hunturu ne lokacin ziyararsa, domin da rana zafin kan tsaya kusa da maki 20. Bryce Canyon kuma yana kan tudun da ya haura mita 2,400, dusar ƙanƙara kan rufe shi, dare kuma ya yi sanyin da ruwa ke daskarewa. Wannan daskarewa da narkewa da ake yi ta maimaitawa ita ce ta sassaƙe jajayen duwatsun wurin suka zama kamar ginshiƙai. Kwarin Zion yana tsakiya, ƙanƙara ba ta daɗewa a cikinsa. Bakin Grand Canyon na kudu yana da tudun kusan mita 2,100, saboda haka yana samun dusar ƙanƙara, ko da yake Arizona ta yi suna wajen zafi.

Wannan na nufin iyali na iya karya kumallo cikin riga ɗaya, su yi Magariba cikin rigunan sanyi uku. Mai tsara tafiya yakan rubuta tudun kowane zango a gefen sunansa tun kafin ya duba farashin otal.

Hanyoyin da hunturu ke rufewa

Taswira ba ta nuna hanyar da ke rufe, kuma a nan ne tsare-tsare da yawa ke rushewa. Babban misali shi ne hanyar Tioga, wadda ta ratsa Yosemite daga yamma zuwa gabas, ta haye tsaunukan Sierra Nevada ta wata mashiga mai tudun mita 3,031. Ana rufe ta wajen watan Nuwamba, ba a buɗewa sai ƙarshen Mayu ko cikin Yuni. Wanda ya yi niyyar fita daga Yosemite ya gangara Death Valley kai tsaye ba zai iya ba, sai ya zagaya ta kudu, ta Fresno da Bakersfield. Tunda zagayen dole ne, ya fi a sa Los Angeles a tsakanin gandayen biyu.

Haka bakin Grand Canyon na arewa yake a rufe duk hunturu, na kudu ne kaɗai ke buɗe shekara zagaye. A kwarin Yosemite kuwa doka kan tilasta wa direba ya riƙe sarƙar taya a mota, ya ɗaura ta idan jami'ai suka ba da umarni. Galibin kamfanonin hayar mota ba sa yarda a ɗaura sarƙa a motocinsu. Mafita biyu ce. Ko dai a bi hanya mai lamba 140 ta garin Mariposa, wadda ta fi sauran zama a kwari, ƙanƙara ba ta cika kwanciya a kanta ba, ko kuma a ajiye mota a shiga motar safa ta YARTS da ke tashi daga Merced. Hunturu kuma shi ne lokacin ruwan sama a Kalifoniya, zaftarewar ƙasa takan datse hanyar bakin teku ta Big Sur, wani lokaci watanni a jere. Iyalin da ke son bi ta can sai sun tabbatar tana buɗe a ranar.

Rabon kwanaki

A Disamba yini bai wuce awa goma ba. A Las Vegas rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Tuƙin dare a kan tudu yana da hatsari, domin ruwan da ya narke da rana yakan sake daskarewa a kan kwalta, ga barewa da ke tsallaka titi. Don haka ake ƙoƙarin kada tuƙin yini ɗaya ya wuce awa biyar, kuma a isa masauki da sauran rana.

Ga wani tsari na kwana ashirin. Kwana uku a San Francisco, inda motocin haya da jiragen kan titi suka wadatar, ba a bukatar ɗaukar mota sai ranar fita. Daga nan kilomita 300 zuwa Yosemite, a kwana biyu. Sai doguwar gangara ta kusan kilomita 500 zuwa Los Angeles, a huta kwana huɗu. Daga can a nufi Death Valley kwana biyu, a wuce Las Vegas, kimanin kilomita 200, a ƙara kwana biyu. Madatsar ruwa ta Hoover, wadda aka kammala a 1936, tana kusa da birnin, rabin yini ya isa a gan ta. Zion na da nisan kilomita 260 daga Las Vegas, shi ma kwana biyu. Bryce Canyon kwana ɗaya, garin Page kwana ɗaya, Grand Canyon kwana biyu, daren ƙarshe kuma a birnin da za a hau jirgi, ko Las Vegas ko Phoenix.

Dalilin kwana biyu a galibin gandayen shi ne, wanda ya kwana ɗaya bai samu cikakken yini ba, ya iso da yamma ne ya tashi da safe. Sannan girgije kan cika Grand Canyon har a tsaya a bakinsa ba a ga komai ba, alhali rami ne mai tsawon kilomita 446 da zurfin fiye da kilomita ɗaya da rabi. Yini na biyu shi ne damar gani. Akwai kuma bambancin agogo: a hunturu Utah da Arizona suna gaban Nevada da Kalifoniya da awa ɗaya, saboda haka mai fita daga Las Vegas zuwa Zion ya yi asarar awa guda a agogo.

Idan kwanakin hutu ba su kai ba, zango ake ragewa, ba a matse su. Bryce Canyon ne aka fi cirewa, ko kuma a maishe shi zuwa da dawowa daga Zion a ranar da gari ya waye sarai, tunda tsakaninsu awa biyu ne.

Lokaci da kuɗi

Makarantun Amurka kan ba da hutun kimanin mako biyu a ƙarshen Disamba. Daga Kirsimeti zuwa sabuwar shekara kuɗin jirgi da na otal kan yi tashin gwauron zabo, wurin ajiye mota a gandaye ya yi wuya. Bayan makon farko na Janairu kasuwa kan faɗi, sai dai a Las Vegas, inda babban baje kolin kayan lantarki na CES ke cika otal-otal a farkon watan.

Masaukan cikin gandu kaɗan ne, kuma ana fara kama ɗakunansu tun saura kusan shekara guda. Daga cikinsu akwai El Tovar a bakin Grand Canyon, wanda aka buɗe a 1905, da Ahwahnee na Yosemite na 1927. Wanda bai samu ba, ko ya ga sun yi tsada, yakan sauka a garuruwan bakin ƙofa, kamar Springdale a Zion, da Tusayan ko Williams a Grand Canyon. Daga Williams akwai jirgin ƙasa da ke kai mutane bakin ramin cikin awa biyu da 'yan mintoci, abin da ke raba direba da fargabar santsi. Kowane ɗaki aka kama, ya kasance mai yarjejeniyar sokewa ba tare da tara ba, domin guguwar ƙanƙara ɗaya na iya sauya jerin kwanakin.

Kuɗin shiga galibin manyan gandayen dala 35 ne a kan kowace mota, na mako guda, kuma akwai katin shekara na dala 80 da ke buɗe dukansu. Daga Janairun 2026 aka bambanta mazauna ƙasar da baƙi. Katin shekara na baƙo ya koma dala 250, wanda bai da shi kuma zai biya ƙarin dala 100 a kan kowane mutum mai shekara 16 zuwa sama a gandaye goma sha ɗaya, ciki har da Yosemite da Zion da Bryce Canyon da Grand Canyon. Ga baƙin iyali masu wannan zagaye, katin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Sauran kuɗaɗen da ke ɓuya sun haɗa da ladan mayar da motar haya a wani gari daban, da kuɗin ajiye mota a manyan birane, da ƙarin da otal-otal ɗin Las Vegas ke ɗorawa a kan kowane dare.

Masu tasowa daga wajen Amurka biza ce farkon maganarsu. Tun daga 2025 gwamnatin ƙasar ta tsaurara ƙa'idojin shiga a kan 'yan ƙasashen Afirka da dama, har da Nijeriya da Nijar da Chadi da Sudan, saboda haka ba a sayen tikiti sai takarda ta zo hannu.

Yara, abinci da ibada

Dokar Kalifoniya ta ce yaron da bai kai shekara takwas ba sai a kujerar yara ta musamman, a bayan mota. Kayan sanyi kuma hawa-hawa ake sa su: ta ciki mai kama jiki, ta tsakiya mai ɗumi, ta waje mai tare iska da ruwa, don a riƙa cirewa ana mayarwa yadda tudu ya sauya. Hular sanyi da safar hannu da takalmin da ruwa ba ya shiga wajibi ne. Hanyoyin ƙafa da ke gangarawa cikin Grand Canyon, irin su Bright Angel, sukan yi santsi a inda rana ba ta kaiwa, masu bin su kan ɗaura ƙarafuna masu haƙora a ƙasan takalmi. Mai ƙananan yara ya tsaya a shimfiɗaɗɗiyar hanyar bakin ramin, hannun yaro a cikin nasa, domin ba ko'ina aka yi shinge ba.

Gandayen suna da shirin yara mai suna Junior Ranger. Ana ba yaro ɗan littafin tambayoyi a ofishin baƙi, ya cike shi da abin da ya gani, a liƙa masa baje. A wannan ofishin ne kuma ake jin labarin hanyoyi na ranar, matambayi kuwa ba ya ɓata.

Iyali Musulmi za su sami masallatai da shagunan naman halal a biranen uku, musamman Los Angeles, inda masallacin Sarki Fahad yake a Culver City. A ƙananan garuruwan Utah da Arizona da wuya a samu, don haka ake yin guzuri a birni, a nemi masauki mai ɗan kicin. Gajertar yini takan sa Azahar da La'asar da Magariba su kusanci juna, rangwamen matafiyi na ƙasaru da haɗa salla yana sauƙaƙa tuƙi. Alƙibla a yankin tana arewa ne, ta ɗan karkata gabas.

Tanadin ko-ta-kwana

A cikin gandayen akwai wurare masu faɗi da waya ba ta kamawa, saboda haka ake sauke taswira a waya tun daga birni, a riƙe ta takarda. A Death Valley gidajen mai ƙalilan ne, suna nesa da juna, ga tsada, ba a shigarsa sai da cikakken tanki da ruwan sha. Bargo da tocila da abin kankare ƙanƙara daga gilashi su zauna a mota. Magani a Amurka yana da tsada ƙwarai, inshorar lafiya ta matafiya ga kowane mutum ba abin wasa ba ce. Lambar neman agaji 911 ce.

Siyasa ma takan shafi gandaye. Idan majalisa da fadar shugaban ƙasa suka kasa daidaitawa a kan kasafin kuɗi, ayyukan gwamnatin tarayya kan tsaya, kamar yadda ya faru kwana 35 daga Disambar 2018 zuwa Janairun 2019, lokacin da aka rufe ofisoshin baƙi, shara ta taru, gyaran hanyoyi ya ragu. Saboda irin wannan da kuma sauyin yanayi, tsari mai kyau kan bar kwana ɗaya ko biyu ba a ɗaure su da komai ba, kuma daren ƙarshe a yi shi kusa da filin jirgi, don kada rufewar hanya ɗaya ta jawo asarar tikitin dukan iyali.