Me Ya Sa Dokin Ces Ke Zama Akwati a Takarda?

Ɗan uwa, ka taɓa tsara sanarwar gasar ces a wayarka, ka ƙawata ta da doki ♞ da sarki ♚, amma da aka buga maka a shagon kwamfuta a Arkilla sai ƙananan akwatuna suka fito a madadinsu? Kuɗin bugu ya tafi a banza ke nan.

Kada ka ga laifin mai shago. Ita kwamfuta ba ta san doki ba, lamba ta sani. Tsarin Unicode ya ba kowace alama lambarta, kuma 'ya'yan ces 12, farare 6 da baƙaƙe 6, suna cikinsa tun 1991: daga U+2654, farin sarki, zuwa U+265F, baƙin soja. Sai dai lambar ba ta ɗauke da hoto. Salon haruffan da ke cikin na'ura ne ke zana ta. In na'urar shagon ba ta da salon da ya san lambar, to akwati za ka gani.

Wannan ciwon ne ke cinye mana ƙ, ɗ da ɓ a furojet, malami ya kasa karanta "ƙasa".

Maganin da sauƙi. A Word, rubuta 265E, ka danna Alt da X tare, dokin zai fito. 0199 kuwa zai ba ka ƙ. Ga 'ya'yan ces, zaɓi salon Segoe UI Symbol. Sannan ka mayar da aikin PDF tun kafin ka bar ɗaki, don yana tafiya da salonsa. Duba shi kafin ka biya.