Daga Dodo Zuwa Ƙwaro: Asalin Kalmar "Bug"

Ɗalibin da ke karanta littattafan kimiyya na Turanci yakan ci karo da wata gajeruwar kalma, wato "bug". Turawa kan kira duk wani ƙwaro da ita, haka kuma ƙwayar cuta, har ma da matsalar da ke hana kwamfuta aiki. Shin yaya aka yi kalma ɗaya ta ɗauki wannan kaya duka?

Masana harshe da dama suna danganta ta da tsohuwar kalmar "bugge", wadda a ƙarni na 14 take nufin dodo ko mutum-mutumin gona. A ƙarni na 17 sai aka laƙaba wa kuɗin cizo sunan, wataƙila don shi ma da dare yake addabar mutane. Daga bisani injiniyoyi suka ara. A shekarar 1878 Thomas Edison ya yi amfani da ita a wata wasiƙa yana nufin tangarɗar na'ura. Ranar 9 ga Satumba, 1947, ma'aikatan Jami'ar Harvard ta Amurka suka ciro wani faɗa-wuta daga cikin kwamfutarsu, suka manna shi a littafin aiki. Wannan labari ya ƙara wa kalmar farin jini, amma ba shi ya haife ta ba.

A wurin masanin halittu kuwa, sunan na rukuni ɗaya ne kawai, wato Hemiptera, ƙwarin da bakinsu yake kamar allura, suna huda suna tsotsa. Cikinsu akwai kuɗin cizo, da darɓar da ke kama wake, da ƙwarin da ke tsotse shinkafa tana madara a fadamun Kogin Haɗeja, su bar manomi da ƙaiƙayi. Fara ba ta cikinsu, domin ita tauna take yi.

Abin lura shi ne, sunan gama-gari yakan jawo asara. Manomin da bai tantance mai tsotsa da mai tauna ba yana iya sayen maganin da bai dace ba. Haka nan mai mura da ya sha maganin kashe bakteriya ya yi aikin banza, don bairos ne ke kawo ta.

Mu ma Hausawa mukan ce "wane ƙwaro ne", muna nufin gwani. Saboda haka malamai su riƙa nuna wa ɗalibai bambancin maganar kasuwa da ta ɗakin gwaji, inda kowace halitta take da sunanta.