Guzurin Ɗalibi Kafin Ya Shiga Jami'a

Sananne ne ga duk wanda ya zauna a ƙasar Anka, ko Gummi, ko Bukkuyum, cewa sau da yawa yaro mai hazaƙa yakan ci jarrabawar JAMB, a ba shi gurbi a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko jami'ar jiha da ke Talata Mafara, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, amma da lokacin rajista ya gabato, mahaifi ya duba rumbu ya duba aljihu, sai a ce a bari sai baɗi, alhali kuwa baɗin ba kasafai take zuwa ba. Al'amarin ya ƙara tsananta tun da rashin tsaro ya raba manoma da yawa da gonakinsu, aka kuma janye tallafin mai a shekarar 2023, kuɗin mota da na abinci da na makaranta suka tashi baki ɗaya.

A watan Afrilun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sabuwar dokar rancen ɗalibai, wadda ta maye gurbin ta 2023, ta kuma kawar da sharuɗɗan da suka yi wa talaka nauyi, kamar kawo masu tsaya wa ɗalibi. Asusun da ke gudanar da rancen, wato NELFUND, ya fara karɓar buƙatu ta intanet a watan Mayun 2024. Tsarinsa kashi biyu ne: kuɗin makaranta, wanda ake biya kai tsaye ga makarantar gwamnati da ɗalibi yake, da kuɗin ɗawainiya, naira 20,000 a wata, da ke shiga asusunsa na banki idan ya nema. Babu kuɗin ruwa a cikinsa, saboda haka ya yi daidai da abin da malamanmu na fiƙihu ke kira ƙardi hasan, kuma ba a fara biya sai bayan shekara 2 da gama hidimar ƙasa, inda ake cire kashi 10 cikin 100 na albashi ko na abin da sana'a ta kawo.

To, sai dai akwai wani abu da ya wajaba iyaye su fahimta, domin a nan mafi yawa ke tuntuɓe. Rancen ba ya samuwa sai ɗalibi ya riga ya sami gurbi, makarantarsa kuma ta aika wa asusun bayanansa. Ke nan kuɗin fom ɗin jarrabawa, da na tantancewa, da na karɓar gurbi, da na mota zuwa Gusau ko Sakkwato, da na ɗaki da abincin makonnin farko, duk suna wuyan gida ne. Hausawa sun ce mai kwarmin ido da wuri yake fara kuka. Lalle ya kamata magidanci wanda ɗansa ko 'yarsa ke ajin ƙarshe na sakandare ya soma tanadi tun daga kaka, ya ware buhun wake ko na shinkafa ya ajiye har farashi ya tashi, ko ya turke rago, ko uwa ta shiga adashi da nufin kwasarta ta faɗo kusa da lokacin rajista.

Bayan kuɗi sai takardu, waɗanda sha'aninsu ke buƙatar natsuwa ƙwarai. Ana neman lambar NIN, da BVN, da lambar JAMB, da takardar shaidar samun gurbi, kuma dole suna da ranar haihuwa su zo iri ɗaya a ko'ina. Wanda aka rubuta Muhammadu a wata takarda, Muhammad a wata, ko ya sa sunan gari a nan, sunan kaka a can, zai iya ganin buƙatarsa ta maƙale wata da watanni. Gyaran irin wannan kuskure yakan ci lokaci da tafiye-tafiye, don haka a yi shi tun kafin jarrabawa. Haka kuma a karɓi takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma, saboda hukumar ba da tallafin karatu ta jiha da ta tarayya sukan neme ta, tallafinsu kuwa kyauta ne ba bashi ba. Cika buƙatar rancen kansa ba a biyan ko kwabo. Duk wanda ya nemi cin hanci da sunan zai gaggauta shi, a guje shi, kada kuma a bar wa mai shagon kwamfuta lambobin sirri.

Daga ƙarshe, ɗalibi ya sani bashi amana ce, kuma ba banza ba aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma, cikin Suratul Baƙara, ta sauka a kan rubuta bashi. Ya zauna da mahaifinsa su yi lissafi, ya karɓi gwargwadon buƙatarsa, ya ƙulla niyyar biya tun ranar karɓa, domin abin da ya mayar shi ne za a ranta wa ƙannensa. Allah Ya sa albarka a karatun 'ya'yanmu, amin.