Kama da wane ba wane ba ne: yadda na ƙona na'urar Wi-Fi ta makarantarmu

Wata ranar Asabar ce, makaranta ba kowa sai ni da mai gadi. Ina jona wayar, ƴar fitilar da ke jikin na'urar ta haska sau ɗaya ta mutu. Ban sauko daga tsani ba sai ga warin ƙonanniyar roba. Mai gadi ya ɗago kai ya ce, "Malam, lafiya dai?" Na ce lafiya, amma gabana ya riga ya faɗi.

Ina koyar da lissafi da darasin kwamfuta a wata makarantar Ingilishi da Arabiyya nan Tamale. Tunda ana tambayar yara kwamfuta a jarrabawar BECE, muka ga bai kamata su ƙare karatu intanet ɗin a allo kaɗai suka san shi ba. Wani tsohon ɗalibinmu da ke Jamus ya aiko mana da na'urorin watsa Wi-Fi guda uku, biyu na kafawa a waje, ɗaya mai kamar faranti ta jikin silin. Iyaye suka tara kuɗin waya da aiki, wani sidi biyar, wani goma. Ƴan akwatunan da ke ba su wuta, waɗanda ake kira injekta, bawan Allahn bai haɗo da su ba, don ya ga fulogin Jamus ba ya shiga soket ɗinmu mai baki uku na Gana.

Irin waɗannan na'urori ba su da wayar lantarki daban. Wayar intanet ɗin da ke kawo saƙo ita ce ke kawo wuta. Sunan tsarin PoE, kuma abu ne mai kyau ƙwarai, ba sai ka ja soket zuwa saman rufi ba. Na je wani shago ta wajen kasuwar Aboabo na ce ina son injekta. Yaron shagon ya miƙo mini ɗaya ya ce, "Masta, ai duk PoE ɗaya ne." Ramin iri ɗaya, wayar ta shiga ta yi ƙas. Ni ma da nake koyar da yara karatun lamba ban juya na'urar na duba bayanta ba. A can an rubuta 24V. A jikin injektan kuwa 48V, da kalmar Passive.

Wanda ya warware mini zancen wani yaro ne da na taɓa koyarwa, yanzu yana kafa kyamarorin tsaro. Ya ce, "Malam, PoE gida biyu ne." Daga baya na bi na karanta, haka abin yake.

Gida na farko shi ne mai ƙa'ida, wanda ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta tsara. Akwai 802.3af na shekarar 2003, yana fitar da wat 15.4, abin da ke isa ga na'ura kusan wat 13. Sai 802.3at na 2009, wanda ake rubutawa PoE+, wat 30 a tushe, 25.5 a wurin na'ura. Na baya-bayan nan 802.3bt na 2018, yana kaiwa wat 60 har 90. Dukansu wutarsu tana zagaye da bolt 48 zuwa hamsin da ɗoriya. Abin da ya burge ni da wannan gida shi ne yana sallama kafin ya shiga. Yakan fara tura ƴar ƙaramar wuta ya gwada, in ya ji alamar da ke cewa wannan na'ura tana karɓar PoE sai ya saki sauran. In bai ji ba, ba ya sakin komai. Shi ya sa za ka jona laftof a suwic mai ƙa'ida ba abin da zai same ta.

Gida na biyu shi ne Passive. Wannan ba sallama, ba tambaya. Kana jonawa ya sako abin da ke cikinsa, ko 24 ko 48. Ba wai jabu ba ne, manyan kamfanoni irin Ubiquiti da MikroTik suna da na'urorin waje da yawa da ke aiki da wannan tsari, kuma suna rubuta adadin wutar a jiki ƙarara. Matsalar tana wurin mai haɗawa. Ni na ɗura bolt 48 a cikin abin da aka gina don 24.

In ka juya lamarin, ɓarnar ba ta kai haka ba, amma akwai ɓacin rai. Na'urar 24V ta Passive a kan suwic mai ƙa'ida galibi ba za ta kunnu ba, sai ka ɗauka ta lalace alhali lafiyarta lau. Wadda ke son PoE+ kuwa in ka ba ta 802.3af, tana iya kunnuwa ta riƙa mutuwa tana tashi idan mutane suka yi yawa a kanta, ko ta rage ƙarfinta. Shi kansa suwic yana da jimillar wat da zai iya rabawa. Ramuka takwas ba ya nufin zai ciyar da na'urori takwas su ƙoshi. Ka haɗa lissafin wat ɗin kowace kafin ka biya kuɗi.

Na sayo injektan 24V na kafa ta biyun, ina cewa an gama. Ina! Kwana biyu sai ta fara ɗaukewa da kanta. Muka zargi wutar gari, don mu da muka ga zamanin dumso komai ya faru lantarki muke fara tuhuma. Ashe waya ce. Yaron nan ya yanko guntu ya kankare da reza, sai ga fari a ciki. Alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe a baya, ana kiranta CCA, ta fi araha kuma ta fi cinye wuta a hanya. Ƙa'idar wayar intanet mita 100 ne iyaka, kuma wannan da jan ƙarfe zalla ake nufi. Tamu ta kai mita saba'in, ga bolt 24 ba shi da rarar da zai yi asara a hanya kamar 48. Muka zare ta duka muka sa ta gaske. Kuɗi na biyu ke nan.

Ya kuma ja mini kunne kan damina. Duk wanda ya zauna a Tamale ya san irin tsawar da ke zuwa da ruwan farko wajen Afrilu da Mayu. Na'urar da ke saman ƙarfe, wayarta ta shigo har ofis, hanya ce ka buɗe wa tsawa. Ana sa ɗan abin kariya a kan wayar a haɗa shi da ƙarfen da aka binne a ƙasa. Mun sa ɗaya.

Abin da ya fi mini nauyi shi ne taron iyaye. Hedimasta ya ce in na ga dama a ce na'urar ta zo a lalace, ba wanda zai bincika. Ban iya ba. Kuɗin masu sayar da koko da masu tuƙa yalo-yalo ne. Na tashi na ce ni na ƙona ta, kuma zan biya daga albashina kaɗan-kaɗan. Wata Hajiya daga baya ta ce, "Malam, to yanzu ka iya?" Aka yi dariya. Na ce na iya karanta bayan akwati dai.

Yanzu ofis da ajin ƴan shekarar ƙarshe suna da Wi-Fi. Ginin da ke ƙetaren fili sai zango mai zuwa, in Allah ya yarda, idan biyan ya cika. Ƙonanniyar tana cikin durowata. Makon jiya na kai ta aji tare da injektan da ya kashe ta, na miƙa wa yara ban ce komai ba, na ce su nemo mini dalili. Wata yarinya a layi na biyu ta juya su duka biyun, ba ta yi minti ɗaya ba ta ɗaga hannu.