Mesar da launinta ke ɓuya a jini, da waɗanda suka ci ribarsa

Yau maganar maciji za mu yi, kuma na san tuni wasu sun ɗage ƙafa daga ƙasa. A nan Achilafiya, ko Kazaure ko Babura, in aka ce maciji sanda ake nema, kuma da dalili, don kububuwa da gamsheƙa ba abokan wasa ba ne. Amma wadda na kawo muku ba ta da dafi. Ƙaramar mesa ce, yawanci ba ta wuce mita ɗaya da rabi, masana suna kiranta Python regius. In ta tsorata sai ta dunƙule kamar ƙwallo ta cusa kanta a tsakiya, shi ya sa Turawa ke ce mata mesar ƙwallo. Asalinta nan ne Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, har da Najeriya.

A daji kusan duk kamarsu ɗaya, baƙi-baƙi da zane ruwan ƙasa. Amma ku leƙa wajen masu kiwonta a Amurka ko Jamus, za ku ga fara fat mai shuɗin ido, ga rawaya kamar ayaba, ga wadda rabin jikinta kamar an goge zanen. To daga ina?

Daga dajinmu. Lokaci-lokaci akan kama wadda ta fito daban. Wani Ba'amurke, Bob Clark, ya samu zabiya daga Afirka, kuma a 1992 ya ƙyanƙyashe zabiyoyin farko a hannun mai kiwo. A 1997 Peter Kahl ya yi haka da mai dabbare-dabbaren fari. Ba sihiri suka yi ba, lissafi ne wanda kun riga kun sani.

Ku tuna gwajin jini kafin aure. Mai AS lafiyarsa lau, amma yana ɗauke da rabin sikila. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da damar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. To haka zabiyantaka take a mesar nan. Kowane ɗa yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. In ka haɗa zabiya da ta daji, 'ya'yan duk za su fito da launin daji, ka ce aikin banza ka yi. Alhali kowannensu yana ɗauke da abin a ɓoye. Sai ka raine su shekara biyu ko uku, ka haɗa su da juna, sannan zabiya ta bayyana. Kuma ku lura, ɗaya cikin huɗun nan a kan kowane ƙwai yake, ba rabon gado ba ne. Mesar takan yi ƙwai kamar 6, tana iya ba ka zabiya uku, tana iya hana ka ko ɗaya.

Akwai kuma ƙwayoyin da ba sa ɓuya. Guda ɗaya ta isa ta sauya launi kaɗan, biyu kuma su sauya shi gaba ɗaya. Farar nan mai shuɗin ido haka ake samunta, iyayenta biyu kowanne ɗan haske kawai ya fi na daji.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne binciken da aka wallafa a 2022 daga Jami'ar Eastern Michigan. Saɓar macizai suka karɓa daga masu kiwo suka duba, suka gano cewa wani nau'in zabiyar mesa daga ƙwayar da ake kira OCA2 yake. Wannan ƙwayar ce ta fi jawo zabiyantaka a tsakanin mutanen Afirka kudu da Sahara. Kun ga ke nan, in iyaye baƙaƙe biyu suka haifi zabiya, ba aljanu ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Uban ma ya ba da rabinsa. A maciji kuɗi ake zubawa a saya, a mutum kuma tsokana ake yi, abin da ciwo wallahi.

Sai dai kyau yana zuwa da kaya. Akwai wata da suka raɗa wa sunan gizo-gizo saboda zanenta sirara. Ƙwayar da ta ba ta zanen ita ce ke sa kanta rawa, wani lokaci ta kasa saita abinci, ko ta juya ciki sama. Masu bincike a Jamus sun ga cewa kunnenta na ciki, inda ake riƙe daidaito, bai ginu daidai ba. Wata ƙungiyar masu kiwo a Ingila ta hana sayar da ita a bajekolinta tun 2018, amma har yau ana kiwonta. Ni a ganina wanda ya san haka ya ci gaba, kuɗi yake so, ba dabbar ba.

Yanzu mu zo kan rabonmu. Togo da Benin da Ghana su ne manyan masu fitar da mesar nan, kuma tun 1975 an fitar da sama da miliyan 3. Mafarauta kan tono mata masu ƙwai daga rami, a ƙyanƙyashe, a loda 'ya'yan a jirgi da araha. Yanzu har an sa ta cikin dabbobin da ke kusa da shiga haɗari. Ribar kuwa tana wajen wanda ya zauna ya rubuta wace ce uwar wa, wane ne ke ɗauke da me.

Ba cewa nake ku shiga daji neman mesa ba, don Allah kar wani ya gwada. Muna da namu. Tunkiyar Uda, gaba baƙi ko ja baya fari, da jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, duk zaɓen makiyaya ne na tsawon zamani, da ido da ƙwaƙwalwa. Samarinmu masu ɗakin tattabaru ma kullum launi suke ciniki, amma nawa ne cikinsu ke da littafi? In kana da su, sa wa kowace alama a ƙafa, ka rubuta wanda ka haɗa da wa, da launin da ya fito. Ran da iyaye biyu suka ba ka launin da babu a jikin ko ɗayansu, ka riƙe su duka biyun, kar ka kai kasuwa. Kuma tunda tattabara ƙwai biyu take yi, sai ka tara ƙyanƙyasa da yawa kafin lissafin ya fito maka fili.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.