Malam Mai Littafi a Tsakiyar Buhuna

A Kasuwar Singa ba a cika ɗaga kai ba. Ɗan dako na fama da buhun sukari, mai shago idonsa na kan lissafin katan-katan na taliya, direban tirela na neman inda zai juya. Shi ya sa da wuya a lura da baƙon da ke sauka bayan an ɗauke ruwa a watan Agusta, ya zauna a bakin caɓin da tayoyi suka dama, yana buɗe fikafikai yana rufewa kamar mai neman shafi. Wanda ya fara raɗa masa suna malam-buɗe-littafi lallai ya iya kallo.

Za a zaci sukarin da ya zube ne ya jawo shi, kamar ƙuda da aka ce wajen kwaɗayi akan mutu. Malam ba ya ƙin zaƙi, amma abin da ya kawo shi caɓi gishirin jiƙaƙƙiyar ƙasa ne, kuma galibi mazan ne ke wannan sha. Dogon bakinsa a naɗe yake, sai zai tsotsa ya warware shi. Ɗanɗano kuwa da ƙafa yake yi.

Wanda na fi so shi ne mai ruwan goro, mai baƙin gefen fiffike da ɗigo-ɗigon fari. Tashinsa a natse yake, ba ya gudun kowa, kuma yana da dalili. A ganyen tumfafiya uwarsa ta yi ƙwai, tumfafiyar nan ta kango da bakin hanya da ake hana yara taɓa nononta don kada ya shiga ido. Tsutsar ta ci ganyen ta ƙoshi, ta adana dafin a jikinta, ya bi ta har ta yi fikafikai. Tsuntsun da ya haɗiye ɗaya ya sha wuya ba ya ƙara kusantar mai wannan launi. Akwai ma wani iri daban wanda macensa ta yi kama da shi sak, alhali ba ta da wannan dafin. An ce kama da wane ba ta wane, amma tsuntsu bai san haka ba, sai ya bar ta ta wuce.

Wasu kuma fatake ne na gaske. Akwai iri ɗaya da ke tasowa daga Turai a ƙarshen daminarmu, ya ƙetare Bahar Rum da Sahara, ya yi ƙwai a ciyayin Sahel. Masani Gerard Talavera na Sifaniya ya daɗe yana bin sawunsa. A Oktoban 2013 ya tsinci wasu a gaɓar teku a Kudancin Amurka, bincike ya nuna sun ƙetare Atlantika daga Afirka ta Yamma, tafiyar fiye da kilomita 4,000.

Torben Larsen, ɗan Denmak, ya tattara kusan iri 1,500 na Afirka ta Yamma a littafinsa na 2005, fiye da 1,000 kuma ana samun su a Najeriya. Abin da ke damuna, kangwayen da tumfafiya da rai-ɗore ke tsirowa a Fagge da Sabon Gari suna komawa shaguna da rumbunan ajiya, gonakin bayan gari kuma suna shan feshi. Inda babu ganyen da tsutsa za ta ci, babu malam.

Muna yara mukan kama shi, garin fiffikensa ya bi mana yatsu; ƙananan ɓawo ne, ba sa sake tsirowa. Yau waya na aljihun kowa. A fito da hantsi lokacin da yake shan rana da fikafikai a buɗe, a matso sannu, kada inuwa ta faɗa masa, a ɗauki hotonsa, a rubuta rana da wuri: Singa, bakin caɓi, bayan ruwa.