Ziyarar Ƙasar Kabi Cikin Ƙaramin Ayari: Kufai, Cimaka da Aikin Jagora

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma ba kowace tafiya ke buɗe shi ba. Akwai wanda zai je gari ya komo bai ƙaru da kome ba sai gajiya, domin bai sami mai nuna masa abin da ya kamata ya duba ba. A ƙasashen Turai, musamman Italiya da Faransa da Girka, an daɗe da wani tsari na yawon buɗe ido, inda mutane kaɗan kan bi jagora guda na 'yan kwanaki, suna ziyartar kufai da tsofaffin gine-gine, suna kuma ɗanɗana abincin yankin da giyar inabinsa.

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a duba yadda irin wannan tafiya ta kamata ta kasance tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, garuruwa biyu da ke bakin fadamar Rima, tazararsu kimanin kilomita 50. Abin da za a nuna shi ne, tarihin Kabi da cimakarta da sana'ar mutanenta duk daga gulbi guda suka sha, kuma jagoran da ya kasa haɗa su wuri ɗaya ya tauye baƙinsa, ya kuma tauye masu gida.

2.0 Jagorancin Tafiya a Al'adar Hausawa

A Ingila akan danganta mafarin shirya wa jama'a yawon shaƙatawa ga Thomas Cook, wanda ya kwashi mutane cikin jirgin ƙasa daga Leicester zuwa Loughborough a 1841. Sai dai tafiya bisa jagoranci ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro yana da madugu, wanda ke yanke shawarar zango da sasantawa da sarakunan hanya, yana kuma da jagaba, mai shigewa gaba. Wasu daga cikin hanyoyin nan ta ƙasar Kabi suka ratsa. Haka nan akwai ziyara, wadda ake kai wa hubbaren Shehu Usmanu a Sakkwato da na ƙanensa Abdullahi a Gwandu, inda masu tsaron wurin ke nuna wa baƙo kabarin kowa, su faɗi wane ne shi.

Bambancin da ke akwai shi ne na niyya. Falke riba yake nema, mai ziyara lada yake nema, shi kuwa ɗan yawon buɗe ido sani da nishaɗi yake nema. Amma dukkansu baƙi ne, baƙo kuwa ko yana da ido makaho ne sai an yi masa jagora.

3.0 Zango Uku na Tarihi

Gulbin Rima yakan haɗu da na Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan ya nausa kudu maso yamma, ya wuce Argungu da Birnin Kebbi, ya gangara ya faɗa Kwara. Duk manyan biranen da Kabawa suka zauna, kusa da wannan fadama suke. Saboda haka wanda ya hau gulbin daga Birnin Kebbi, tarihin Kabi yake bi, ko da yake ba bisa jerin shekaru ba.

3.1 Birnin Kebbi

Abin da zai fara ɗaure wa baƙo kai a nan shi ne, garin da ke ɗauke da sunan Kabi, fadar Sarkin Gwandu ce a cikinsa, Sarkin Kabi kuwa yana Argungu. Warware wannan ƙulli shi ne aikin jagora na farko. Kabawa sun mai da Birnin Kebbi hedkwatarsu wajajen farkon ƙarni na 18. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin, Sarkin Kabi Muhammadu Hodi ya fita. A cikin wannan shekara aka gwabza a Alwasa, inda masu jihadi suka yi asarar mutane masu yawa. Daga nan garin ya shiga hannun Gwandu, a farkon zamanin Turawa kuma fadar Gwandu ta zauna a cikinsa. Da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato a 1991, shi aka zaɓa babban birni.

Ya kyautu ayari ya ratse zuwa Gwandu, domin hubbaren Abdullahi, da kuma wani dalili da ya shafi manazarta. A can ne Bajamushe Heinrich Barth ya ga kwafin littafin Tarihus Sudan a 1853, littafin da ke cikin tsofaffin madogara a kan yadda Kanta ya ɓalle daga Songhai.

3.2 Argungu

Bayan faɗuwar Birnin Kebbi, Kabawa ba su miƙa wuya duka ba. Sama'ila Karari ya kafa sansani a Argungu, ya yi ta fafatawa har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame, wanda ya yi shekaru a hannun Sakkwato, ya sake ta da tutar Kabi a 1849. In aka ɗebe ɗan sulhun da aka yi a shekarun 1860, wanda ake kira Lafiyar Toga, da sunan Sarkin Kabi Abdullahi Toga, yaƙi bai kwanta ba tsakanin ɓangarorin biyu har zuwan Turawa.

Tsohuwar fadar Argungu ita ce Gidan Tarihi na Kanta a yau. An tashi daga cikinta a 1942, aka buɗe ta a matsayin gidan tarihi a 1958. A ciki akwai masu da takubba da bindigogi da tambura da kayan su, akwai kuma kaburburan sarakuna. Don haka wuri ne mai alfarma a wurin Kabawa, ba ɗakin kallo kawai ba, kuma wajibi ne baƙo ya san da wannan tun daga ƙofa.

3.3 Surame

Zango na uku shi ne mafi tsufa. Surame, wadda ke arewa maso gabas da Argungu, a cikin ƙasar Binji ta Jihar Sakkwato, ita ce birnin da Muhammadu Kanta ya gina bayan ya raba gari da Askiya Muhammadu wajajen 1516. Ganuwarta ta dutse na nan har yanzu, ko da yake daji ya cinye cikin birnin. An sanya ta cikin kayan tarihi na ƙasa a 1964, aka kuma shigar da ita jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa shaidar UNESCO a 2007.

Ruwayar baka na cewa Kanta ya tara mutanen ƙasashen da ya rinjaya domin aikin ganuwar, da Nufawa suka makara sai ya sa su kwaɓa ƙasarsu da man kaɗe. Akwai kuma labarin jirginsa na ruwa da aka lulluɓe da jan ƙarfe. Jagora nagari zai ba da waɗannan labarai, amma ya bayyana cewa ruwaya ce, ya kuma nuna abin da take karantarwa: ƙarfin Kanta a kan tara jama'a da mallakar gulbi ya dogara.

4.0 Cimaka da Abin Sha

Abincin wannan yanki bisa ƙafa biyu yake tsaye, wato tudu da fadama. A tudu ake noma gero da dawa da wake. A fadama kuwa ake samun shinkafa da kifi. Tun kafin shinkafar Asiya ta iso, ana noma ta gargajiya, mai jan ƙwaya, wadda masana ke ganin an fara nomanta a fadamun Kwara da ke ƙasar Mali. Wasu nau'o'inta kan yi ta tsawo gwargwadon yadda ruwa ke hawa, shi ya sa suka dace da ambaliyar damina. Tuwon shinkafa da miyar kifi da za a ajiye wa baƙo a Argungu, ashe darasi ne a kan yanayin ƙasa.

Kifin ma iri-iri ne: giwan ruwa da tarwaɗa da ƙarfasa da ƙurungu da tsage da sauransu. Wanda ba a ci ɗanye ba akan yi bandarsa, a kai kasuwanni masu nisa. Ganin murhun banda da jin yadda ake cinikin kwandon kifi sun fi dogon bayani, domin gani ya kori ji.

Batun giya shi ne inda tsarin Turai ba ya kwaikwayuwa. Ba a noma inabi a fadamar Rima, jama'ar garuruwan nan Musulmi ne, jihar kuma ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a shekarar 2000. Amma in aka lura, abin da Bature ke nema a gonar inabi shi ne abin sha da zai faɗa masa halin ƙasa da na masu ita. A Kabi, fura da nono ce ke wannan aiki. Geron daga gonar Bahaushe yake, nonon daga shanun Fulani da ke gangarowa fadama da rani neman ciyawa. Ƙwarya guda ta isa jagora ya bayyana cuɗanyar manomi da makiyayi, da inda suke amfanar juna, da inda suke saɓawa. Ga kuma kunun tsamiya da kunun zaƙi da zoɓo, kowanne da lokacinsa da wurin da ake shansa.

Wannan arziki ba tabbatacce ba ne. Madatsun ruwan da aka gina a sama, irin su Bakolori da aka kammala a 1978 da kuma Goronyo, sun sauya yadda ambaliya ke zuwa, abin da ya taɓa noman shinkafar gargajiya da hayayyafar kifi. Baƙon da ya ci ya sha, ya kamata ya ji wannan ma.

5.0 Harshe da Sana'ar Su

Ga ɗaliban harshe, kunne ma yana da nasa rabo. Hausar Kabi na cikin karin yamma. Za a ji "hura" da "kihi" da "shinkahwa" a maimakon fura da kifi da shinkafa, a ji "sunka zo" da "munka gani" a maimakon suka zo da muka gani, a kuma ji "na" da "ta" a gurbin ne da ce. Kalmar "Kabanci" kanta fuska biyu gare ta: tana nufin karin harshen Kabawa, tana kuma nufin wasannin ruwa da ake yi a biki, kamar tseren jirgi da ninƙaya da kamun agwagwar ruwa. Sunan Sarkawa, masunta na gado, masana na danganta shi da Sorko, masuntan Songhai. Kalmomin sana'ar, irin su homa da taru da birgi da gora, suna raye ne muddin ana amfani da kayan.

Bikin kamun kifi da ake yi a Matan Fada ya samo siffarsa ta yanzu a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ziyarar da ta zama alamar ƙarewar tsohuwar gaba. Amma tushensa ya girmi wannan shekara, domin akwai al'adun Gyaran Ruwa da Fashin Ruwa, da sarautun Sarkin Ruwa da Homa masu kula da gulbi da masunta. UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya a 2016, aka kuma farfaɗo da shi a 2020 bayan ya yi shekaru ba a yi ba. Sai dai babban sun nan bai cika wuce sa'a guda ba. Wanda ya zo dominsa kaɗai, hoton kifi zai koma da shi, ba sanin Kabi ba.

6.0 Dalilin Ƙanƙantar Ayari da Nauyin Jagora

Ƙanƙantar ayari ba ƙawa ba ce, larura ce. Zauren da dattijo zai zauna ya ba da tarihi ba ya ɗaukar taro, haka jirgin masunci, haka ɗakunan gidan tarihi. Mutum goma za su iya yin sallama, su tuɓe takalma, su ci abinci, su yi tambaya a amsa musu. Mutum ɗari kuwa sai dai su yi kallo su wuce.

Nauyin da ke kan jagora kashi uku ne. Na farko shi ne ladabi: neman izinin hakimi ko mai gari, tambaya kafin ɗaukar hoto, da ba da tukuici ga wanda ya ba da lokacinsa. Na biyu shi ne lafiyar baƙi: zaɓen lokacin ɗari, sa'ad da ruwa ya janye, zafi bai sauko ba, da kuma tuntuɓar hukuma kafin a nufi wuri irin Surame, saboda matsalar tsaro da ta addabi wasu sassan arewa maso yamma a shekarun nan.

Na uku, wanda ya fi nauyi, shi ne adalci ga tarihi. Shekarar 1805 a bakin mutumin Gwandu buɗi ce, kamar yadda Abdullahi ya kawo labarinta a Tazyinul Waraƙati. A bakin Bakabe kuwa mafarin gudun hijira ce da gwagwarmayar kusan shekara ɗari, wadda M. B. Alkali ya nazarta a kundinsa na Jami'ar Ahmadu Bello a 1969. Jagoran da ya ba da ruwaya ɗaya ya ɓoye ɗayar, rabin labari ya sayar. Wanda kuma ya ƙara gishiri don ya burge baƙi, ɓarnarsa ta fi yawa, domin abin da ya ƙaga zai shiga littafin ɗalibi, gobe ya dawo a matsayin hujja.

7.0 Kammalawa

An ga cewa ƙasar Kabi tana da duk abin da irin wannan tafiya ke bukata: kufai na ƙarni na 16, fada ta ƙarni na 19, cimaka mai tushe, da karin harshe mai rai. Abin da ya fi ƙaranci shi ne jagora mai horo. Dattawan da suka san sunan kowane gurbi a gulbi da kirarin kowane sarki suna ta raguwa. Sassan koyar da Hausa da Tarihi na jami'o'i da kwalejojin yankin, musamman na Sakkwato da Birnin Kebbi da Argungu, su ne suka fi cancanta su naɗi wannan sani daga bakin masu shi, su tace shi, su horar da matasan garuruwan su zama jagorori. In an yi haka, baƙo zai ƙaru, ɗan gida zai sami sana'a, tarihin kuma zai zauna a hannun masu shi.